Riƙon Amana a Ranar Nasara da Ranar Gajiya

(Kiɗan buɗe shiri)

Abin da za mu yi nazari a kansa yau shi ne yadda mai bi zai riƙe amanar Ubangijinsa a lokuta biyu waɗanda galibin mutane suke zaton babu abin da ya haɗa su, wato ranar da al'amura suka miƙe masa har ana nuna shi da yatsa, da ranar da ƙarfinsa ya ƙare har yana jin ba zai iya ɗaga ƙafa ba.

Idan aka ambaci jarrabawa, abin da yake fara zuwa a ran mutum shi ne talauci da ciwo da tsanantawar maƙiya, alhali kuwa wanda ya daɗe yana duba tarihin bayin Allah ya sani ni'ima ma jarrabawa ce, sau da yawa ma ta fi tsanani wuyar tsallakewa, domin shi tsanani yana zuwa da sallama, ita kuwa ni'ima takan shigo ta zauna kafin mai gida ya farga. Abin da nake so ku riƙe daga farkon wannan zance har ƙarshensa shi ne cewa cutar da take kama mai nasara da wadda take kama mai gajiya asalinsu ɗaya ne, wato mutum ya ɗauka a ransa cewa aikin Allah a kansa ya dogara. Idan abin ya yi kyau sai ya ce ƙoƙarinsa ne, ujubu ya shige shi; idan kuwa abin ya yi nauyi sai ya ce in ya faɗi kome ya rushe, yanke ƙauna ta rufe shi. To, tun da yake cutar ɗaya ce, lalle maganinta ma ba zai zama biyu ba.

Bari mu fara da Sarki Uzziya na Yahuza, wanda labarinsa yake a sura ta 26 ta Littafin Tarihi na Biyu. Yana ɗan shekara 16 aka naɗa shi, ya kuwa yi shekara 52 a kan gadon sarauta a Urushalima, kuma a farkon zamaninsa, sa'ad da yake zaune a gaban malaminsa Zakariya yana koyon tsoron Allah, babu abin da ya sa hannu a kai da bai yi albarka ba. Ya rushe garun biranen Filistiyawa, Ammonawa suka riƙa kawo masa gandu, ya gina hasumiyoyi a birni da daji, ya haƙa rijiyoyi masu yawa saboda garkunansa, gama mutum ne mai son noma da kiwo, har sunansa ya kai iyakar Masar. Sai dai da ƙarfinsa ya cika, bai koma bautar gumaka ba, bai kuma daina zuwa Haikali ba, kuma a nan ne ya kamata mai sauraro ya natsu ƙwarai. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki kaskon turare ya shiga wurin da aka keɓe wa firistoci, yana ganin wanda ya iya yaƙi ya iya gini babu ƙofar da za a rufe masa. Azariya firist ya bi bayansa da firistoci 80 suka yi masa nasiha, shi kuwa maimakon ya sunkuyar da kai sai ya husata, kaskon yana hannunsa, nan take kuturta ta fito masa a goshi, ya ƙare kwanakinsa a wani gida dabam, ɗansa Yotam yana riƙe da al'amuran ƙasa.

Ku duba fa, 'yan'uwa, a cikin ɗakin sujada Uzziya ya faɗi, kuma alamar faɗuwarsa ita ce fushin da ya yi da masu faɗa masa gaskiya. Saboda haka fasto wanda majami'arsa ta cika har ana ƙara kujeru a waje, da ɗan kasuwa wanda shi ya sayi kwanon rufin majami'a, da mawaƙiya wadda ake gayyata daga gari zuwa gari, kowannensu ya tambayi kansa yau: shin akwai sauran wani a duniya wanda zai iya ce mini na yi kuskure, in saurare shi ban canza fuska ba? Idan babu, to, hatsarin ya riga ya iso, ko da ana ta yabon wa'azinsa da baikonsa.

Yanzu sai mu juya ga Annabi Iliya, wanda ya ɗanɗani al'amuran nan biyu a jere, babu ko mako guda a tsakaninsu, kamar yadda aka ba da labari a sura ta 18 da ta 19 ta Littafin Sarakuna na Ɗaya. A zamanin Ahab sarkin Isra'ila, wanda matarsa Yezebel ta kafa bautar Ba'al a ƙasar ta kuma karkashe annabawan Ubangiji, aka yi fari na shekara uku da rabi, har sarki da kansa ya fita neman ciyawa domin dawakansa. A ƙarshen farin nan Iliya ya tara jama'a a Dutsen Karmel, shi kaɗai a gefe guda, annabawan Ba'al 450 a ɗaya gefen. Suka wuni suna kira suna tsattsage jikinsu babu amsa. Shi kuwa ya gyara bagaden da aka rushe da duwatsu 12, ya sa aka kwarara ruwa a kan hadayar har sau uku, ya yi gajeriyar addu'a, wuta ta sauko ta cinye kome, jama'a suka faɗi rubda ciki. Kafin dare hadari ya haɗu, aka kece da ruwa, annabin kuwa ya ɗaure ɗamara ya sheƙa a gaban karusar sarki har Yezreyel. Da wuya a sami mai hidima da ya taɓa ganin rana irin wannan.

Amma kashegari, ko kuwa dab da haka, saƙo guda daga Yezebel cewa za ta kashe shi ya isa ya tayar da mutumin nan da bai ji tsoron mutum 450 ba. Ya gudu har Biyer-sheba a can kudancin Yahuza, tafiyar da ta kusa mil 100, ya bar baransa a can, ya ƙara nutsawa cikin hamada tafiyar yini guda shi kaɗai, ya zauna a ƙarƙashin wani ɗan itace ya roƙi mutuwa, yana ganin bai fi magabatansa da kome ba. Mai karatu na iya mamaki, amma wanda ya taɓa ɗaukar nauyin jama'a ba zai yi mamaki ba, domin ya san gajiya mafi tsanani takan zo ne bayan an watse daga babban taro, sa'ad da jiki ya huce, mutum ya waiwaya ya ga mu'ujizar jiya ba ta sāke zuciyar fada ba, abin da ya sa rai zai ƙare kuwa yana nan daram.

To, ga wurin da nake so mu daɗe a kai, wato yadda Ubangiji ya bi da bawansa a wannan hali. Bai fara da tsawatawa ba, bai kuma fara da wa'azi ba. Annabin ya yi barci, mala'ika ya taɓa shi, ya buɗe ido sai ga waina da aka toya a kan duwatsu masu zafi a daidai kansa, da butar ruwa a gefenta. Ya ci, ya sha, ya sāke kwanciya, aka bar shi ya yi barcinsa. Sa'an nan aka sāke tashe shi ya ƙara ci, domin tafiyar da take gabansa ta fi ƙarfinsa. Wannan ya isa hujja a kan masu zaton kowace kasala ta ruhu zunubi ce da sai azumi da kwanan addu'a za su kore ta, gama Mahaliccin jiki ya san haƙƙin jiki, kuma akwai ranar da ibadar da ta fi cancanta ga bawan Allah ita ce ya ci abinci ya kwanta. Bayan haka ya yi tafiyar kwana 40 zuwa Dutsen Horeb, ya shiga kogo, aka tambaye shi abin da ya kawo shi, aka kuma bar shi ya zazzage kukansa har sau biyu. Iska mai farfasa duwatsu ta wuce, girgizar ƙasa ta biyo, wuta ta biyo, ba a cikinsu Ubangiji ya bayyana gare shi ba, sai a cikin wata siririyar murya. Ke nan mutumin da ya saba ganin ikon Allah cikin wutar Karmel an koya masa cewa Allah yana aiki ko a ranar da babu abin kallo.

Kukan Iliya shi ne cewa shi kaɗai ya rage, kuma a nan ne cutar da muka ambata ta bayyana, domin maganar ba haka take ba, shi kansa ya ji daga bakin Obadiya, wakilin gidan Ahab, cewa ya ɓoye annabawa 100 a cikin koguna, hamsin hamsin, yana kai musu abinci da ruwa. Gajiya takan mantar da mutum alherin da ya sani. Sai aka sanar da shi cewa akwai mutum 7,000 a Isra'ila da ba su durƙusa wa Ba'al ba, aka kuma mayar da shi bakin aiki da umarnin ya naɗa Hazayel da Yehu su zama sarakuna, ya kuma keɓe Elisha ya zama magajinsa, wanda ya iske a gona yana huɗa da shanu. Abinci, da barci, da kunnen da zai saurara, da gaskiyar da za ta gyara lissafinsa, da abokin aiki: da waɗannan aka yi jinyar annabin, kuma dukansu suna nuna masa abu guda, cewa aikin yana da Mai shi.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, kada wani ya ce wannan labarin mutanen dā ne na wata ƙasa mai nisa, bari in kawo muku wanda ya taka bakin Kogin Kwara da ƙafarsa, wato Bishop Samuel Ajayi Crowther. An kama shi bawa yana yaro a garinsu Osogun a ƙasar Yarbawa a 1821, jiragen ruwan Ingila suka ƙwace jirgin da yake ciki a 1822 suka sauke shi a Saliyo, aka yi masa baftisma a 1825, ya shiga makarantar Fourah Bay cikin ɗalibanta na farko. Ya hau Kwara a 1841 tare da Schön, Bajamushen nan da ya yi wa harshen Hausa hidima da nahawu da ƙamus, ya kuma jagoranci aikin bishara na Kwara daga 1857. A wannan shekara jirginsu ya fashe a kan duwatsu kusa da Jeba, suka maƙale a can wata da watanni, shi kuwa maimakon zaman jiran tsammani sai ya duƙufa ga koyon Nufanci, har daga baya ya wallafa littafin koyon karatu da nahawu a harshen. A ranar 29 ga Yuni 1864 aka naɗa shi bishop a babbar majami'ar Kantabari, baƙar fata na farko da ya kai wannan matsayi a ɗarikar Anglika, bayan da shi kansa ya yi ta nuna ba ya son muƙamin. Ɗaukakar nan ba ta sāke masa hali ba: ya ci gaba da hawa da gangara a kogi har tsufa, yana aikin fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Yarbanci, yana mu'amala da sarakunan Musulmi irin su Etsu Masaba na Bida cikin ladabi da girmamawa, har suka amince da shi.

Sa'an nan gajiya ta zo masa ta ƙofar da bai zata ba. A watan Agusta 1890, yana da shekara fiye da 80, a wani zaman kwamiti a Anacha, waɗansu samarin Turawan mishan, waɗanda sa'o'in jikokinsa ne, suka tuhumi ma'aikatansa, suka dakatar da fastoci baƙar fata a gabansa, har da ɗansa Dandeson. Gaskiya ne akwai aibu a wurin waɗansu ma'aikatan, amma yadda aka wulaƙanta dattijon zalunci ne, kuma ikkilisiyar Ingila da kanta ta furta tuba a kan haka sa'ad da aka cika shekara 150 da naɗa shi. Ya ajiye kujerarsa a kwamitin, ya faɗi abin da yake gani gaskiya ne, amma bai rama zagi ba, bai bar bangaskiya ba, bai kuma daina hidima ba har ciwon shanyewar jiki ya kwantar da shi, ya rasu a Ikko ranar 31 ga Disamba 1891. Bai ga amfanin gonarsa da idonsa yadda muke gani yau ba. Abin da ya tsare shi a Kantabari shi ne ya tsare shi a Anacha, wato sanin cewa shi bawa ne da aka 'yanta aka ba shi amana, ba mai kayan ba ne.

To, me wannan yake nufi ga mai bishara na ƙauye, wanda yake tashi ran Lahadi da asuba ya hau keke ya zaga majami'u uku, ya dawo da la'asar ƙafafunsa fari fat da ƙura, ya tarar gonarsa ta cika da ciyawa, ɗan abin da ake ba shi kuma bai zo ba? Me yake nufi ga uwar nan ta zumuntar mata, wadda babu biki ko makoki da ba a gan ta a bakin murhu ba, amma da ta kwanta ciwo ba wanda ya leƙa? Ina da nasiha huɗu, kuma ga mai nasara da mai gajiya duka nake miƙa su, gama kamar yadda muka ce, maganin ɗaya ne.

Ta farko, ka riƙe ibadarka ta ɓoye, wadda ba mai gani sai Allah, kada ka auna ta da yadda kake ji a ranka. Karatun Littafi da addu'ar asuba su ne abin da mai nasara yake fara bari saboda yawan hidima, su ne kuma abin da mai gajiya yake fara bari saboda rashin ɗanɗano; in ba ka iya sura guda ba ka karanta aya guda, in bakinka ya yi nauyi ka durƙusa ka yi shiru, wannan ma addu'a ce. Ita ce garkuwa daga riya, domin abin da ba a gani ba ba a yaba shi.

Ta biyu, ka ba jikinka haƙƙinsa, ka kuma girmama ranar hutu wadda Allah ya shar'anta tun kafin a san sunanka. Almasihu da kansa, sa'ad da almajiransa suka komo daga aikin da ya yi albarka suna ba shi labari, jama'a kuwa na ta kai da kawowa har ba su sami sararin cin abinci ba, janye su ya yi zuwa wurin da ba kowa domin su huta. Wanda ya ƙi hutawa yana cewa aikin zai lalace, ya duba da kyau, mai yiwuwa girman kai ne ya yafa rigar himma.

Ta uku, kada ka sallami baranka a Biyer-sheba ka shiga daji kai kaɗai. Ka nemi mutum ɗaya ko biyu, dattijo mai tsoron Allah ko aboki mai riƙon asiri, wanda zai iya tsawata maka ranar da kake sama, ya kuma ji kukanka ranar da kake ƙasa. Idan baƙin cikin ya daɗe, barci ya ƙaurace maka, abinci ya fita daga ranka, ko kuwa tunanin hallaka kai ya fara zuwa maka, to, ka faɗa wa wani yau, ka kuma je asibiti, gama neman magani ba rashin bangaskiya ba ne. Ku kuma dattawan ikkilisiya, haƙƙi ne a wuyanku ku duba fastonku da iyalinsa, ku biya shi a kan kari, ku ba shi hutu ba sai ya roƙa ba. Ku ne hannun da za a ajiye waina da butar ruwa da shi.

Ta huɗu, ka tayar da magaji tun kana da ƙarfi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma mai hidimar da ya koya wa wani abin da ya iya, ya ba shi wuri ya yi wa'azi ko ya bi da waƙa ko ya riƙe lissafi, ya kuma yi murna in an yabi yaron fiye da shi, wannan ya tsira daga ujubu da yanke ƙauna gaba ɗaya, domin ya shaida da aikinsa cewa ikkilisiya ta riga shi zuwa, za ta kuma wanzu bayansa.

'Yan'uwana, abin da ake nema ga wanda aka ba amana shi ne a same shi da aminci, kuma wannan ma'auni rahama ne babba, domin yawan jama'a da yawan amfani ba a hannunmu suke ba, amma aminci yana cikin ikon mai ƙarfi da rarrauna, da taimakon Ruhu Mai Tsarki. Saboda haka kai da kake cikin yalwa, ka yi godiya a fili, ka ambaci waɗanda suka taimake ka da sunayensu, ka je ka gai da wanda ya taɓa faɗa maka gaskiya mai ɗaci. Ke kuma da kika gaji, ki ci abinci, ki kwanta, gobe ki nemi 'yar'uwa ki faɗa mata halin da kike ciki. Kowanne a cikinmu ya yi ɗaya daga cikin waɗannan kafin Lahadi mai zuwa.

Ubangiji ya tsare masu ƙarfi daga girman kai, ya ta da waɗanda suka raunana, ya ba shugabanninmu tawali'u, ya ba ƙasarmu zaman lafiya tsakaninmu da maƙwabtanmu, cikin sunan Yesu Almasihu, amin. A nan za mu dakata, sai mako mai zuwa a daidai wannan lokaci idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)